Kunun Kanwar da Na Sha a Kanada

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasunku sun fara tare maƙwabciyata Maman Grace suna tambayar ko lafiya. To ga ni da raina, ina gidana a Dutse Alhaji.

Kun san na tafi Kanada wankan jegon 'yata Ummi. Abin da ba kowa ya sani ba, na daɗe da hawan jini. Ƙwaya ɗaya da safe, in tafi ma'aikata in yi harkokina. Inshorar tafiyar kuwa wani oga mai sayar da tikiti ya yi mini ita a nan Abuja. Bai tambayi ciwo ba, ni ma ban ce komai ba.

Haihuwa ta yi jinkiri, ƙarshe sai da aka yi wa Ummi aiki. Zamana ya ƙaru, inshorar ta zo ƙarewa, mijinta Nura ya ce dole a sabunta.

Ashe ya ga kwalin maganina a kicin. Ya zo ya durƙusa ya tambaye ni na mene ne. Suruki fa! Kunya kamar in nutse. Da ya ce zai gaya wa kamfanin, na ce don Allah ya rufa mini asiri, wa zai sani?

Bai ji ba. Kamfanin farko da jin hawan jini, ga shi kuma ina ƙasar waje, suka ce ba za su ƙara ko kwana ɗaya ba. Na biyu ma haka. Wanda ya yarda sai da aka kai ni wurin likita ya auna ni ya rubuta sunan maganina, kuɗin kuma ya kusa ninkawa. Na yi ta ɗaure masa fuska. Shi dai ya ce, "Mama, araha ba ta ado. Gara mu biya da tsada, ranar buƙata kada su juya mana baya."

Yanzu ku ji inda na kai kaina.

Na tafi da kanwa mai kyau daga gida. Kullum da safe in dama kunun kanwa yadda mahaifiyata ta yi mini. Ummi ta kurɓa sau biyu ta ture, wai likitarta ta hana. Na ce oho, 'ya'yan zamani. Ni kuwa ba na zubar da abinci, balle kanwar da ta hau jirgi. Ga sanyi, ga kunu da zafinsa, sai in shanye abina.

Takalmi ya fara matse ni. Hawa bene sai haki. Kwanciya sai na tara filo na jingina.

Na ɓoye. Na ji labarin tsadar asibitin can, kuma a raina ban yarda wani kamfani zai biya ba. Yaran nan tara kuɗin sayen gida suke yi. Ni kuma abin da na mallaka a duniya gidan nan ne kaɗai, wanda na gina da albashin shekara da shekaru.

Wata safiya ina yi wa jaririyar wanka numfashi ya ƙi. Na miƙa wa uwarta ita, na zauna a ƙasa. Sai motar asibiti.

Aka sa mini robar iska a hanci, aka yi allurar fitar da ruwa, aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji da na zuciya. Likita ya ce ruwa ya taru a huhuna, zuciya ta gaji da bugawa. Ya tambayi me nake ci. Da Ummi ta yi masa bayanin kanwa sai ya riƙe kai. Ya ce ai 'yar'uwar gishiri ce, mai hawan jini ba ya kusantarta.

Wallahi ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron kuɗin ba. Duk allurar da nas ta shigo da ita, sai in ga kamar bulon gidana ake cirewa. Na kira Maman Grace a ɓoye na ce ta fara neman mai saye. Ta ce da 'yar Hausarta, "Hajiya, ka bar wannan magana. Mun sa ka a addu'a a coci. Gida yana nan, ka warke tukuna."

Kamfanin bai amsa nan take ba. Suka nemi bayanan asibiti, suka duba ko ciwon tsoho ne, ko an faɗa musu shi tun farko. Ana gobe za a sallame ni Nura ya shigo yana murmushi. Sun ɗauki nauyin jinyar, ban da ɗan abin da aka yi sharaɗi tun farko mu za mu biya. Matar da ke kula da lissafin asibitin ta ce da an ɓoye hawan jinin, ko sisi ba za su bayar ba.

Na kasa kallonsa. Na ce Allah ya yi maka albarka, na yi fushi a banza.

Iyaye mata masu tafiya jego, ku ji daga bakin wadda ta gani. Ku faɗi ciwonku tun a gida, ko mai tikiti bai tambaya ba. Ku tambaya ko inshorar tana sabuntuwa in zama ya ƙaru, kuma ku fara nema kafin ta ƙare, don daga waje abin ba sauƙi. Ku tafi da takardar likitanku da maganin da zai isa. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya canza, ku yi magana. Mai hawan jini kuma ta bar kanwa.

Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya yi mini addu'a, musulmi da kirista.

Ranar da na dawo, Maman Grace ta miƙo mini makullina, ta share tsakar gida har ta ba shukokina ruwa. Na buɗe ƙofar gidan da na riga na sayar a zuciyata, na zauna a bakin ƙofa na yi kuka son raina.