Na Je Tambayar Hukuncin Salla, Aka Tura Ni Asibiti

A lokacin da abin ya same ni, na ɗan haura shekara arba'in, ina da 'ya'ya shida, kuma ƙarfina cike yake. A wani ƙauye kusa da Watari muke zaune. Maigidana yana noman rani, ni kuma idan tumatir ya yi araha sai in saya in yanka in shanya. Duk haihuwata a ɗaki na yi, asibiti sai dai in kai yara rigakafi. Shi ya sa da ma'aikatan lafiya suka zo garinmu suna kiran mata gwajin sankarar bakin mahaifa, ko leƙawa ban yi ba. An ce sai mace ta buɗe tsiraicinta, wasu kuma suna cewa dabara ce ta tsayar da haihuwa. Na ce ni lafiyata ƙalau.

Bayan kamar shekara biyu na fara ganin jini ba lokacin al'ada ba, musamman idan na kwana da maigida. Ba na jin zafi, don haka ban kawo ciwo a raina ba. Salla ce ta dame ni, na rasa ko in yi ko in bari, ga azumi ya ƙarato. Wata rana da aka tashi daga Islamiyya na jira mata suka watse, na tambayi malamarmu, kaina a ƙasa. Ta yi mini bayani cewa wannan jinin ciwo ne, ba ya hana salla, ta faɗa mini yadda zan yi tsarki. Na yi godiya zan miƙe, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, sunansa fa jinin ciwo. Na ba ki amsar salla, amsar ciwon ba ta wurina. Don Allah gobe ki je asibiti."

Da ƙyar na iya gaya wa maigida. Ya ce ko namiji ne zai duba ni sai mun je. Ya ɗauke ni a babur zuwa asibitin Bici. Ashe ma mace ce, ta rufe ƙofa, ta lulluɓa mini zane, ba zafi ba komai. Amma ta daɗe tana dubawa, sai ta fita ta kira wata, suka riƙa magana ƙasa-ƙasa. Wannan raɗar tasu ta fi komai tayar mini da hankali. Suka ce mu wuce Kano. A can aka ɗan gutsuri nama daga wurin, aka ce mu koma gida mu jira sakamako.

Cikin wannan jiran aka ɗauki azumi. Ina dama kunun shan ruwa, hankalina ya tafi, sai ƙauri ya dawo da ni. Idan na kalli autata, wadda ko zane ba ta iya ɗaurawa ba, sai in shige ɗaki. Na fara nuna wa babbar 'yata inda nake ajiye komai, da abin da kowane ƙaninta ba ya ci. Rannan ta ajiye muciya ta ce, "Inna, me ya sa kike mini magana kamar mai tafiya?"

Da muka koma, likita ya ce sankara ce, amma ba ta yaɗu ba, sai dai dole a cire mahaifar. Ya ce irin wannan cutar takan yi shekaru tana ɗan tabo kafin ta zama haka, kuma gwaji kan gano tabon tun mace ba ta jin komai. Na tuna ranar da aka kira mu na ƙi zuwa, na yi ta kuka. Bayan ƙaramar salla aka yi aikin. Alhamdulillahi na tashi, ko da yake har yau ina komawa ana duba ni, kuma kwandon da nake ɗauka da hannu ɗaya yanzu sai an kama mini.

Ina warkewa na matsa wa ƙanwata sai da ta je. Ita ma aka ga ɗan tabo, aka yi mata maganinsa nan take, da yamma tana gidanta tana tuƙa tuwo. Ni kuwa sai da aka yanka ni. Bambancinmu kawai ita ta je da wuri.

Na koyi cewa rashin jin zafi ba shi ne lafiya ba, kuma kunyar da ta hana ni kwanciya gaban mace ɗaya ita ta kai ni gaban likitoci da yawa. 'Yan'uwana mata, kada ku jira sai kun ga jini. Maza kuma, idan matarku ta ce za ta gwaji, kada ku tsaya tambayar me ke damunta. Ku kai ta tun tana cewa ba komai.