Tak Bundo da Majami'ar Dokmal

Tak Bundo mijin yayata Agada ne, shekara hamsin da ɗaya suka yi tare. Abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba, da idona na gani.

A gidan magina tukwane aka haife shi, kamar kowa a ƙauyenmu Dokmal. Kakanninmu sun gudo cikin duwatsun nan ne lokacin da sarakunan Koriya ke sare kan duk wanda aka kama da gicciye, kuma yumɓu ne ya rufa musu asiri. Mutanen kwari sun raina mu. Ba sa ba mu 'ya'yansu, yaronsu ƙarami ma yakan yi wa dattijonmu magana kamar sa'ansa. Mu mun saba da haka, amma Bundo bai taɓa sabawa ba. Yana saurayi, in ya goyo randuna zuwa kasuwa, sai ya sauke su wajen ƙanensa, ya je rafi ya kankare laka daga farcensa, ya zo ya tsaya gefe kamar mai saye. An taɓa jin yana gaya wa wata mai sayar da taliya cewa shi ɗan malamin makaranta ne.

Mahaifinmu, Chon Doma, shi ne shugaban majami'a. Fada, wato limamin coci, sau biyu yake hawowa wurinmu a shekara, kafin Ista da kafin Kirsimeti. Sauran ranakun Baba ke jan addu'ar Lahadi, shi ke yi wa jariri baftisma in ana tsoron rai zai yi halinsa, shi ke raba faɗan iyakar gona. Da Bundo ya nemi Agada, Baba ya yi kwana uku yana jan ƙafa. Amma bayan yaƙin Koriya samarin da suka rage a Dokmal ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba ma aurar da 'ya ga wanda ba shi da baftisma. Agada kanta ta ce tana so. Yana da kyau a lokacin, wannan ba zan hana shi ba.

A shekarar 1972 ya zama dagaci. Ba wanda ya yi takara da shi, don aiki ne na yawo tsakanin ƙauye da ofishin gunduma, mutane kuma suna da abin yi. Lokacin gwamnati ta taso da gyaran ƙauyuka: a cire rufin ciyawa a sa kwano, a faɗaɗa hanya. Aka ba shi hula mai launin kore da lasifika. Hular nan ko a wajen cin abinci ba ya cire ta. Lasifikar kuma ya ɗaure ta a kan bishiyar da ke tsakiyar gari, kullum da asuba sai mu ji gyaran muryarsa kafin mu ji zakara.

Wata rana wani babban ma'aikacin gunduma ya hawo duba aiki. Ya tsaya gaban majami'armu, wadda kakanninmu suka gina da itacen dutsen nan babu ƙusa ko ɗaya, da katangar katako a tsakiya mai raba maza da mata. Ya nuna ta da haɓa.

"Wannan rumbun fa na wane ne?"

Ina tsaye da tulu a kai, na ga kunnuwan Bundo sun yi ja.

"Ranka ya daɗe, tsohon abu ne. Dama muna shirin kawar da shi."

Babu wanda ya taɓa yin wannan shirin. A nan take ya ƙirƙiro shi, don kada mai takalmi mai sheƙi ya ɗauke shi ɗan ƙauye.

Da yamma ya zo gidanmu, ya durƙusa gaban Baba da hularsa a kai.

"Baba, ginin nan yana ba mu kunya. Duk gundumar nan mu kaɗai ke sujada a ƙarƙashin ciyawa."

"Kakanka ne ya saro ginshiƙin tsakiya," in ji Baba. "Su shida suka sauko da shi a kafaɗa."

"Ai Allah ba a itace yake zaune ba, Baba."

"To, madalla. Ashe har ka san inda yake zaune. Ni shekara talatin ina jan addu'a ban kai nan ba. Tashi ka tafi."

Ya tashi ya tafi, amma ba gida ba. A zamanin, hatimin kowane magidanci a aljihun teburin dagaci yake zama, don in takardar taki ko ta iri ta zo ya buga ba sai ya bi gida-gida ba. Bundo ya rubuta takarda cewa mutanen Dokmal gaba ɗaya suna roƙon a rushe tsohuwar majami'a a gina ta siminti. Ya zauna ya buga hatimi arba'in da biyu, har da na Baba. Ya kai wa sabon Fada a gari, yaro ne da bai taɓa hawowa Dokmal ba. Fada ya ga jan tambari reras, ya sa hannu.

Kwana uku aka yi ana rushewa. Baba bai yi faɗa ba. Ya shiga ya ɗauko gicciye da littattafan addu'a, ya kawo gida, ya rufe ƙofa. Itatuwan kuwa Bundo ya sa aka kwashe zuwa bayan gidansa, ya ce kada a yi asara. Kafin sanyi ya shigo ya gina garken shanu da su. Matoyar tukwane ma bai bari ba. Gaskiya robobi sun riga sun kashe mana kasuwa, amma har lokacin gida huɗu suna toyi. Ya kawo katafila ta bi ta kai, don hanya ta miƙe zuwa ƙofar gidansa.

Sabuwar majami'ar akwati ce ta siminti. Da sanyi bangonta yana zufa, da damina rufin yana ɗiga a daidai kan bagadi. Gunduma ta ba Bundo takardar yabo. Ya sa mata gilashi, ya rataye a ɗakinsa sama da hoton Uwa Maryamu. Baba ya rasu bayan shekara biyu.

Abin da Bundo ke so a ransa ba dagaci ba ne, kujerar Baba ce. Ana gama zaman makoki ya ɗinko kwat. Amma shugaban majami'a ba hatimi ake buga masa ba, Fada ne ke tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Suka zaɓi Ok Barnaba, mai i'ina, wanda addu'ar minti goma kan ɗauke shi rabin awa. Mun gwammace mu daskare a kan simintin. Da Barnaba ya tsufa aka zaɓi wani. Haka aka yi ta tsallake Bundo har matasa suka watse zuwa Seoul, mazan da suka rage suka ƙare. A 1994 ya duba ya ga babu sauran namiji mai ƙafafu biyu lafiyayyu sai shi. Ya sake fito da kwat ɗin, ta matse shi a ciki, ya zauna a sahun gaba.

Fada ya tashi ya ce jama'a sun zaɓi Agada.

Bundo ya ɗaga hannu. "Fada, wace Agada?"

"Agada nawa gare ka a gida?" in ji Fada.

Har tsofaffin da ba sa ji sosai sai da suka yi dariya. Ya yi wata guda bai zo sujada ba. Da ya dawo sai ya koma zama bakin ƙofa, yana tari duk inda yake ganin ta yi kuskure. A kasuwa kuwa, in ya sha giyar shinkafa, cewa yake yi shi ke tsara mata komai a gida, ita bakin kawai take buɗewa.

Sai zamani ya juya. Mutanen birni suka fara zuwa da manyan motoci ziyarar ƙauyukan shahidai. Gunduma ta ga akwai amfani, ta kafa allon kwatance a bakin titi. Bundo ya haura shekara sittin da biyar, an daɗe da karɓe muƙamin dagaci daga hannunsa. Wata safiya muka gan shi da farar doguwar riga irin ta kakanni, ya tara gemu, yana tsaye inda motoci ke juyawa. Ya zama masanin tarihin Dokmal. Mutumin da ya ƙi a gan shi kusa da randa, yanzu ga shi yana shafa wata fasasshiya yana cewa, "Hannun kakana ne wannan."

Wajen majami'ar ne abin ya fi ci mini rai. Sai ya tsayar da baƙi gaban akwatin simintin, ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi rawa.

"A nan take tsaye a da. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Da kun gan ta da kun yi kuka."

Wata mata ta tambaye shi, "Baba, wa ya rushe ta?"

"'Yata, zamani ne. Mutanen lokacin ba su san darajar abu ba."

Ina tsugune ina shanya barkono, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Ko kallon inda nake bai yi ba.

Daga baya jami'a ta turo wata malama, Pyo sunanta, ta rubuta tarihin ƙauyen. Tana ta tambaya ko akwai abin da ya rage na tsohon ginin. Iya Marta, wadda ta haura casa'in kuma ba ta tsoron kowa, ta ce mata, "Je ki garken Bundo. Shekara talatin ke nan shanu ke Lahadi a ciki."

Muka bi ta mu ga yadda za a kwashe. Malamar ta shiga da tocila, ta kankare kashin shanu da ya bushe a jikin babban itacen sama, sai ga gicciye, ga shekarar gini, ga sunayen mutum shida. Ta fito ta faɗa mana abin da ta gani. Na kalli Bundo. Na yi zaton ƙasa zai so ta tsage ya shige. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ya buɗe baki.

"Godiya ga Ubangiji," in ji shi, "yau nauyi ya sauka. Ni na ɓoye su a nan. Na san wa zai zo neman itacen majami'a a ƙarƙashin saniya? Shekara talatin ina gadinsu ban gaya wa kowa ba."

Iya Marta ta tofar da yawu ta juya.

Na sami malamar ita kaɗai na gaya mata komai, har hatimi arba'in da biyu. Ta rubuta, ta yi mini godiya. Da littafin ya fito, maganata tana can ƙarshen shafi da ƙananan haruffa: wai akwai wata ruwaya dabam a wajen wasu mazauna ƙauyen. Gunduma kuwa labarin Bundo ta fi so, don ya fi daɗin karantawa a kan allo. Aka wanke itatuwan, aka sake gina majami'ar a kan tsohon wurinta. Ranar buɗewa Bishop ya zo, aka rataya wa Bundo furanni, aka kira shi wanda ya ceci gadon kakanni. Na yunƙura zan miƙe. Agada ta damƙe wuyan hannuna har sai da ya yi shaida.

"Zauna, Sisiliya."

"Yaya, kina jin abin da suke faɗa?"

"Ke kina tsammanin ban san shi ba? Ni nake wanke masa safa. Ginin Baba ya tashi ko bai tashi ba? To bar shi da furanninsa."

Agada ta ja addu'a a cikin ginin nan shekara biyar, sannan ciwon ciki ya ɗauke ta a 2011. Al'adarmu ce a rera addu'ar matattu a gaban gawa, maza su ja, mata su amsa. Duk ido ya koma kan Bundo, masanin tarihi, mijin marigayiya. Ya buɗe baki, layi biyu ya yi ya tsaya. Bai iya ba. Duk tsawon rayuwarsa motsa leɓe yake yi a bayan wasu. Ya juyo gare ni, gemun nan ya jiƙe sharkaf.

"Sisiliya, ja mana. Don Allah."

Kukan ranar na gaske ne, na yarda. Shi kaɗai ne abin gaske da na taɓa gani a wurinsa. Na ja addu'ar.

Agada ta roƙe ni kada in bar shi da yunwa, don ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Shekara huɗu yana zuwa ƙofata lokacin cin abinci. Yakan cinye tas, sannan ya ce gishiri ya yi yawa, miyar yayata ta fi. Da ya fara ɓata hanyar gida ɗansa Yohan ya zo ya tafi da shi birnin Daejeon. A can ya mutu, aka dawo da shi muka binne kusa da ita. Ban da Yohan, mu tara ne a bakin kabarin, kowa da sandarsa.

Yohan yaron kirki ne, halin uwarsa ya ɗauko. Bayan an watse ya zo da takarda da biro ya zauna a bakin dandamalina.

"Inna, masu sassaƙa dutse sun ce akwai wurin layi uku a ƙasan sunan. Ke kika fi kowa saninsa. Me za mu rubuta?"

Na ce ya sa ranar haihuwa da ranar rasuwa, sauran wurin a bar shi haka, dutse ya fi kyau in ba a cika shi da rubutu ba. Ya ce haka ne, ya ninke takardar. Na zuba masa wake da busasshen barkono a jaka, ya kama hanya.