Ruwan da Yaya Ta Kusa Zubarwa

Ko na tsufa na rasa haƙora, ranar da guguwar teku ta doso birnin Guangzhou muna tsakiyar tace magani ba za ta fita daga kaina ba.

Lokacin ina sabuwar ɗaliba a ɗakin bincike na jami'armu. An haɗa ni da wata 'yar Damagaram da ke gab da kammala digirinta na uku, ina ce mata Yaya. Aikinta tace antibodi ne, sinadarin garkuwar jiki da ake yin magani da shi. Ta yi watanni tana rainon ƙwayoyin halittar da ke samar da shi, kuma kwalbar da ke gabanmu ita ce ta ƙarshe. In ta lalace, bizarta za ta ƙare ba sakamako a hannu.

Da hantsi aka sanar cewa za a kashe wuta a rufe ginin kafin la'asar. Mu kuwa da kolom muka saba, wani dogon bututu cike da ƙwayoyi kamar tsaki. Maganin yana maƙalewa a jikinsu, datti ya wuce a zubar. Yana aiki, amma kai, akwai nawa! Yaya ta roƙi malaminmu a ƙara mana lokaci, ya girgiza kai ya ce, “Mei yo.” Wato babu, a yarensu. Sai ya miƙo mata wani ɗan faifai da bai fi murfin kofi ba, ya ce membiren ne, wata irin matata, ya ruga wajen ɗaure tagogi.

Na karɓi faifan na juya shi, na ɗaga shi a haske, har sansana shi na yi. A raina na ce wannan ɗan mitsitsin? Muka jona shi. Ruwan da kan yi mana wuni yana ɗiga sai ga shi yana zuba kamar ana tatar gasara. Kafin in gyara zama, kwalbar ƙasa ta cika.

Yaya ta yi hamdala, ta sunkuci kwalbar ta nufi wurin zubar da shara, yadda hannunta ya saba shekara da shekaru.

Ni fa ban san komai ba, abin ne kawai ya ƙi zama mini a kai. Na ce, “Yaya, don Allah, duk maganin nan naki a ina ya samu wurin zama cikin ɗan abin nan?”

“Ke dai da surutu, ƙanwata,” in ji ta. Amma ta tsaya, kwalbar a karkace.

Ta dawo ta ɗiga kaɗan a na'urar awo. Na ga fuskarta ta canja, ta dafe tebur ta ce, “Innalillahi!” Ashe wannan membiren ɗin datti yake kamawa, maganin ya wuce abinsa. Wahalar watanninta ce a kwalbar, tsaf da ita. Sai ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye.

Mun sa kwalbar a firjin da ke da janareto, muka fita iska na fizgar mayafanmu. A wannan shekarar ta kammala.

Yau ni ma da membiren nake aiki, kuma saurinsa bai daina burge ni ba. Amma na koyi cewa kayan aiki na iya canjawa hannu bai ji labari ba. Duk abin da zan zubar, sai na tsaya na tambayi abin da ke ciki.