Haƙorin Makka a Bakin Mabushi

Ƙanena mabushi ne. Ƙahon Turawa yake busawa, na tagulla mai maɓallai uku. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyarsu a wani otal a Kaduna, kuma da na iso wurinsa a Dubai a 2009, bayan rasuwar maigidana, sun shekara ashirin da shida tare. Su bakwai ne. Shugabansu mutumin Zangon Kumasi ne mai kaɗa fiyano, kowa Masta yake ce masa. Wasu sun mutu, wasu sun gaji an sake su, amma Masta da mai ganga da ƙanena tun ranar farko suke.

Ni da shi muke zaune a wani ƙaramin falat a Hor Al Anz. Ina tuƙa tuwo ina kai wa 'yan kasuwa a Al Ras, su kuma suna wasa a wani otal a Al Rigga. Duk Talata bayan la'asar a falonmu suke gwaji, don maƙwabtanmu direbobi ne, ba sa gida a lokacin. Daga kicin nake jin su. Ban yi boko ba, ban san me ke cikin takardun da Masta ke bazawa a kan kujera ba. Shi ma ƙanena bai iya karanta su ba, da kunne yake ɗauka. Kiɗansu iri biyu ne. Akwai bulus, mai jan ƙafa kamar mai dawowa daga jana'iza. Akwai suwin, wanda in suka ɗauko shi sai in tsinci muciyata tana bin ganga, in yi tsaki in tsayar da ita. In aka zo wurin da kowa zai lafa a bar shi shi kaɗai, sai ya ɗauki wata robar buɗe masai, sabuwa dai, ya riƙa rufe bakin ƙahon yana buɗewa, ƙahon ya yi ta magana kamar tsohuwa mai mita. Mai ganga yakan ce muryata ce yake kwaikwaya.

Ban taɓa ce masa ya iya ba. Abin da nake gani shi ne ranar Juma'a, mutane na tafiya masallaci, shi yana ɗaura jan ƙyalle a wuya zai je ya busa wa Turawa suna cin abincin rana. Kuma ban manta da zaman makokin maigidana ba, da wani dattijo ya tambaye ni a gaban jama'a ko ƙanin nan nawa yana nan yana yi wa mashaya roƙo. Da wannan maganar na shigo jirgi.

Shekara uku ina yi masa maganar Hajji har Allah ya nufa ya samu kujera. Yana Makka, an gama aiki, na kira shi a waya na ce kada ya dawo mini ba haƙori. Ni ina da nawa, uwarmu ma da nata aka binne ta. Ya yi dariya, ya ce zai sa na gefe. Na ce gashin bakinsa zai rufe na gefe, wa zai gani?

“Yaya, bakin nan da shi nake aiki,” ya ce.

“Shekara nawa kana aiki da shi, wa ya taɓa tashi ya ba ka wurin zama? Ka sa na gaba.”

Bai saba musa mini ba. Ni na goye shi.

Talatar farko bayan dawowarsa na yi musu waina da miyar taushe. Mai ganga na ganin bakinsa ya ce Alhaji ya taho mana da fitila, a kashe ta falo. Kowa ya yi dariya ban da Masta. Ya kama haɓar ƙanena ya juya ta wajen taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yalla, a fara.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini, shi ne bakin ƙaho a kan haƙoran gaba yake zama, leɓe na tsakani. Kafin a sa na zinariya sai an kankare na ainihi, kuma wanda aka ɗora ya fi shi kauri. Ƙasa-ƙasa ƙahon ya tafi daidai. Da suka zo inda yake hawa sama, inda sautin ke sirancewa ya tsaya cak, sai ya fashe kamar an taka agwagwa. Suka sake. Ya sake fashewa. A karo na huɗu ya sauke ƙahon, na leƙo na ga jini a leɓensa. Ranar rabin wainar ta kwana.

Masta ya ba shi wata uku. Aka miƙa wurarensa ga mai saksafon, shi ya koma baya yana cika musu murya. Ya je wurin wani likitan haƙori a Deira aka cire zinariyar aka sa fari, amma abin da aka kankare ba ya dawowa. Kullum da hantsi yakan shiga banɗaki ya rufe ƙofa, ya cusa tawul a bakin ƙahon, ya yi ta neman sautin nan. Wani lokaci ya kama shi, gobe ya kuɓuce. Ina yanka kuɓewa ina ƙirga faɗuwarsa.

Wata Asabar da safe Masta ya zo, ya kuma zaɓi lokacin da ya san ƙanena ya fita. Ya zauna a bakin kujera, ya ƙi shan shayi. Ya ce manajan otal ya yi magana sau biyu, kuma mutum shida ne ke ci a bayan ƙahon nan. Sannan ya ɗago.

“Hajiya, ke kika sa shi?”

“Ni ce. Ɗakin Allah na tura shi.”

“Ɗakin Allah bai ce a kankare haƙori ba.”

Na ce masa in yana da magana ya jira mai ita, ni ba 'yar aikensa ba ce. Ya ce ba zai iya kallon idonsa ba. Mutumin da suka kwana a tasha tare, suka raba gurasa ɗaya, ya bar wa mace saƙo ya sauka a bene da sauri kamar ana bin sa. Da ƙanena ya dawo, ni na faɗa masa an sallame shi. Ya ce to, khalas, shi ke nan. Ya wanke ƙahon da ruwan ɗumi kamar yadda ya saba, ya shanya shi a kan tawul.

Kafin Juma'a sun samo wani ɗan Filifin mai karanta takarda. An ce ba ya kuskure. Gwajin Talata ya koma wani wuri, ba wanda ya zo ya yi mini sallama, ni da na ciyar da su shekara huɗu. Daga baya suka buga faifai, mai ganga ya kawo mana ɗaya a ɓoye cikin leda. Mutum bakwai a hoton, duk da jan ƙyalle. A ciki har da bulus ɗin da ƙanena ya haɗa shekarar da uwarmu ta rasu, wani ke busa shi. Ƙanena ya saurara har ƙarshe, ya ce mutumin ya iya, sai dai yana sauri.

Wani ɗan Kano mai kamfanin aika kaya a Al Ras ya ɗauke shi aikin lura da masu ɗaure kaya. Nan na riƙa samunsa in na kai tuwo, yana zaune a kan kwali da salatif a hannu, 'yan kasuwa na wucewa suna Alhaji, Alhaji, wasu har da rusunawa. Yana amsawa baki a rufe. A 2015 bizarsa ta ƙare, ya ce ba zai sabunta ba. Na raka shi filin jirgi, muna tsaye a layi na buɗe baki zan yi maganar haƙorin, sai ya ce in kula da hawan jinina, in rage gishiri. Na ce masa ya gyara hularsa, ta karkace.