Zarami da Karen da Ba Ya Gudu

Kafin zuwan karen, da sauri aka san Zarami. Mutumin Gashuwa ne, maharbi, ya taso cikin karnukan farauta, siraran nan masu kamo gada a guje. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru, ya bar daji ya kama gadi a gidan wani Bature mai sayen fata.

Wata shekara Baturen ya dawo daga hutu da kare a cikin akwatin katako. Ina tasha ranar. Da aka buɗe, 'yan dako suka ja da baya. Tsayinsa ya kai na ɗan maraƙi, kai kamar turmi, fuska baƙa, leɓɓa sun zubo. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi hamma, ya kwanta. Bature ya ce a ƙasarsu mai sanyi, kakannin karen ƙofar gida suke tsarewa tun zamanin da. Ya damƙa wa Zarami amanarsa, ya tafi rangadi wajen Yusufari.

A sanin maharbi, kare in bai yi gudu ba lalacewa yake. Matarsa Fanne, mai sayar da kifi, ta ce abin da yake numfashi kamar zugazugin maƙeri bai yi mata kama da mai gudu ba. Ya ce ta tsaya kan kifinta, kare kam shi ya san shi.

Bazara ce. Da hantsi ya fita da shi bayan gari, ya kama sassarfa. Karen bai ƙi ba. Wannan ne Zarami ya daɗe yana maimaitawa: bai ja igiya ba, bai yi gurnani ba, binsa kawai yake yi. Sai a gindin wata aduwa ƙafafun suka naɗe, harshe ya zubo, ido ya juye.

Ba ya ɗaukuwa, ruwan fadama kuwa da ɗan nisa. Zarami ya warware rawani, ya tuɓe riga, ya ruga ya jiƙo su, ya shimfiɗa masa a wuya da ciki, ya sake rugawa. Makiyayan da suka gani sun ce ba su taɓa ganin ɗan Adam yana gudu haka ba. A tafin hannunsa ya shayar da shi, shi da ba ya bari yawun kare ya kusanci tufarsa.

Da la'asar karen ya ɗago kai, ya ɗora a gwiwar Zarami. Ya ce nauyin ya kai buhun gero, amma bai ture ba.

Suka shigo gari a hankali, rawani a wuyan kare. Fanne ta dube su daga bakin zaure.

"Maigida, yau wa ya koya wa wani tafiya?"

Ruwan wanka ya nema.

Tun daga ranar, bayan asuba suke fita, kafin ƙasa ta ɗau zafi. Su bi gefen ruwa, karen ya tsaya, Zarami ya tsaya. Ban taɓa jin karen ya yi haushi ba. Baƙo in ya nufo ƙofa, miƙewa kawai yake yi, baƙon ya tuna da sallama.

Karen ya yi shekarunsa ya mutu, Bature ma ya koma gida. Zarami ya daɗe bayansu. Matasan Nguru da suka san shi yana takawa sannu a bakin fadama, yana ɗan tsayawa ba dalili, sun ɗauka tsufa ne.