Gwajin Jinin Ƙanwata

A Sabon Gari aka haife mu, ni da ƙanwata. Iyayenmu daga kudu suka zo, babanmu yana sayar da kayan wuta a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Cocin da muka taso a ciki yana da doka: ba a ɗaura aure sai an kawo sakamakon gwajin jini. Ban taɓa jin wani ya kira wannan rashin bangaskiya ba.

Da ƙanwata ta kawo saurayinta, wani mai gyaran waya a Fagge, aka tura su gwaji. Aka tarar dukansu biyu suna ɗauke da ƙwayar sikila. Su kam lafiyarsu ƙalau, amma 'ya'yan da za su haifa na iya gadon ciwon. Tsohon fastonmu ya zaunar da ita ya ce, “'Yata, Allahn da ya ba mu Littafi shi ya ba likita ilimi. Ki yi kukanki, amma ki haƙura.” Ta yi kukan, haƙurin ne ya gagara.

A nan ne wani ya gwada musu hanyar wani sabon coci, a saman benen wani shagon janareto. Mai cocin ya naɗa wa kansa sunan annabi. Na bi ƙanwata sau ɗaya don in gani da idona, kuma har yau in na tuna mutumin sai na ja tsaki. Ga tabarau na likita a fuskarsa, a kwamfutar hannu yake karanta Littafi Mai Tsarki, lasifikoki sun fi masu sujada yawa, wayoyi a kafe ta ko'ina suna watsa shi kai tsaye. Duk abin da masu ilimi suka ƙera yana so, in ban da wanda zai iya tona masa asiri.

Ya ɗora musu hannu, ya yi ta ihu har gumi ya jiƙa masa kwat, sannan ya ce jinin Yesu ya wanke jininsu, sikila ta fita. Da aka tashi na matsa kusa na ce, “To Fasto, tunda ta fita, sai su koma a sake gwajin, kowa ya ga ikon Allah.”

Ya leƙo ni ta saman tabarau. “Baiwar Allah, wanda ya koma asibiti bayan addu'ata ya ƙaryata Ubangiji.”

Ni mai bi ce, na yarda Allah yana warkarwa. Amma warkarwar da take tsoron allurar ɗibar jini, wannan ban san daga ina ta fito ba. Na faɗa wa ƙanwata haka a kan matakala. Ta ce, “Yaya, ke dai ba kya son aurena.” Raina ya ɓaci matuƙa.

Annabin ya ɗaura auren. Aka yi bidiyonsu suna ba da shaida, aka yi ta yaɗawa a waya, cocin ya cika har sai da ya karɓi shagon ƙasa. Suka haifi 'ya mace, kyakkyawa, mai idon uwarta. Ba ta fara rarrafe ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, tana kukan da ba lallashin da ke tsayar da shi. Asibiti suka faɗi abin da tsohon fastonmu ya guje mata tun farko: sikila ce.

Annabi bai taka asibitin ba. Saƙon murya ya turo, wai akwai mai shakka a danginmu, ita ta dawo da ciwon. Wato ni. Shi kuwa da hawan jini ya taɓa shi, jirgi ya hau zuwa ƙasar waje ganin likitoci, ya ce wa mabiyansa ya tafi keɓewa da Ubangiji. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yanzu ƙanwata tana kai yarinyar wurinsa, domin in ta daina, dole ta amsa cewa yaudararta aka yi.

Bana yarinyar ta shiga firamare, amma kwanakinta a gadon asibiti sun kusa kai na aji. Wani yammaci na kai musu abinci, na same ta ana mata ƙarin ruwa, ƙafarta a miƙe ba ta yarda ko zani ya taɓa ta.

Ta ce, “Anti, Fasto ya ce in na ba da gaskiya sosai ƙafata ba za ta yi ciwo ba. Kuma na ba da. Me na rage?”

Uwarta ta juya fuska ga bango.

Na ce, “Ba ki rage komai ba, 'yata.”

Ta dube ni, da alama ba ta yarda ba. Ta ce, “Bari in ƙara ƙoƙari.” Ta runtse ido, ta cije leɓe.