Baba Ba-latti da Ƙasar da Ba Ta Neman Biza

Fiye da rabin rayuwarsa Baba Ba-latti ya yi yana tuƙa doguwar motar da ke kai fasinja filin jirgin sama, amma bai taɓa sa ƙafarsa a cikin jirgi ba. Ma'aikatan filin ne suka laƙaba masa sunan, domin ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, motarsa tana tsayawa a ƙofar shiga kan lokaci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da tsumma a aljihun baya don goge madubi. Daga kujerarsa ya sha jin labarin matafiya: wanda aka hana biza yana ta ƙorafi, wadda aka ba ta tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, ɗan kasuwar da ya bar fasfo a aljihun rigar da aka kai wanki. Duk ya kwashe ya adana a kansa. Shi ya sa a layinsu, in maganar tafiya ta taso, shi ake nema, shi kuma bakinsa bai saba da cewa bai sani ba.

Da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi, shi ma ya ishi mutanen gidan. Ya goge tagogi har matarsa ta ce zai huda gilashin. 'Yarsa ta fari kuwa ma'aikaciyar jinya ce, aure ya kai ta wata ƙasa, tana da 'ya mace wadda bai san ta ba sai a fuskar waya. Wata rana da hantsi ta kira shi, ta ce gwamnatin can ta ɗauke wa masu irin fasfonsa biza.

"Baba, yanzu ba ka da sauran hujja," in ji ta. "Ka ɗauko fasfonka kawai ka taho."

Fasfo yana da shi. Tun da daɗewa kamfani ya sa suka yi don wata tafiyar horo da aka fasa, yana nan a ƙasan akwatin matarsa, sabo fil, ko lanƙwasa babu. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne tafiya babu biza. A saninsa, tafiya ita ce bin layi tun asuba, a yi maka tambayoyi, a manna maka takarda mai ƙyalli. In an cire wannan, me ya rage?

Sai ga mai ba mutane amsa ya koma tambaya. Mai sayar da tikiti ya ce gaskiya ne babu biza, amma sai an yi rajista ta intanet kafin a tashi. Telan da ke bakin layi, wanda ya taɓa fita sau ɗaya, ya ce wannan hanyar cin kuɗin mutane ce kawai, fasfo ya isa. Mai kemis ya ce duk su biyun ba su san komai ba, katin allurar rigakafi shi ne magana. Surukinsa, mijin 'yar, ya ce ta waya shi dai bara ya shiga ya fita ba wanda ya tambaye shi komai, ya manta cewa shi yana da takardar zama. Matarsa ta tambaye shi wanne zai bi a ciki. Ya ce zai bi na kowa kaɗan-kaɗan. Ya je aka yi masa allura, hannun ya kumbura. Rajistar kuma ya bar ta, tunda tela ya rantse.

Ranar tafiya ya shiga tsohuwar motarsa a matsayin fasinja. Bai ji daɗin zaman ba ko kaɗan. Duk inda sabon direban ya kusanci wata mota, sai ƙafar Baba ta dama ta danna ƙasa tana neman birki.

A wurin auna kaya ya tarar da wata ma'aikaciya da ya daɗe yana kai ta aiki. Ta gaishe shi da fara'a, ta karɓi fasfon, ta buɗe, sai fara'ar ta ragu. Ta tambaye shi tikitin dawowa. Ya ce na zuwa kawai ya saya, domin 'yarsa ta ce ya zauna sai ya gaji. Ta tambayi adireshin inda zai sauka. Ya ce gidan yana bayan asibiti, ƙofarsa shuɗiya ce, ya gan ta a waya. Ta tambayi lambar rajista, ya miƙa mata katin allura. Ta sake duba shafin farko na fasfon.

"Baba, wannan fasfon saura kaɗan ya ƙare. Suna so ya kasance da sauran wata shida aƙalla."

"Ai bai mutu ba, 'yata. Duba kwanan watan."

"Bai mutu ba, Baba. A wurinsu ne ya yi kusa."

"Ba cewa aka yi babu biza ba?"

"Babu biza, amma akwai sharuɗɗa."

"To ita bizar mece ce, in ba sharuɗɗan ba?"

Ta kira shugabanta, shi ma ya yi bayani mai tsawo wanda ƙarshensa ya koma farkonsa. Layi ya yi tsawo a bayan Baba, wani ya fara tsaki. Yana tsaye riƙe da jaka aka kira jirginsa a lasifika, aka sake kira, aka daina. Ya koma gida a motar da ta kawo shi, a kujerar can baya, ya ja hula ya rufe rabin fuska.

Matarsa ba ta yi masa dariya ba a ranar, sai washegari. Ya yi kwanaki ba ya fita ko bakin ƙofa, ana ce wa masu sallama yana hutawa. Abin da ya fi damunsa ba kunyar ba ce. Ya juya maganar ta kowace fuska, ya kasa gano inda ƙaryar take. 'Yarsa ba ta yi ƙarya ba, ma'aikaciyar ma ba ta yi ba, amma ga shi zaune a falonsa.

Daga baya ya miƙe ya bi abin da ƙafa. Ya sabunta fasfo, ya koma wurin mai tikiti ya ba shi haƙuri, aka yi rajista, aka sayi tikitin zuwa da dawowa. Ya sa 'yarsa ta turo adireshi, ya haddace shi kamar karatu. Ya ƙara da abubuwan da ba wanda ya nema: takardar barin aiki, lasisin tuƙi, har da hoton auren 'yar, ko za a ce ya kawo shaida. Jakar takardun ta fi ta kayan sawa nauyi.

Wannan karon ya shiga jirgin. Ya riƙe hannun kujera tun tashi har sauka, yana mamakin yadda direba ke tuƙi ba madubin gefe. Da ya isa gaban jami'in shige da fice na can, ya jera takardunsa a kan kanta, ya gyara murya zai karanto adireshi. Jami'in ya dubi fasfon, ya dubi fuskarsa, ya tambaye shi wurin wa ya zo. Ya ce wurin 'yarsa. Mutumin ya buga hatimi, ya yi ɗan rubutu da biro a kai, ya ɗaga hannu yana kiran na baya. Baba ya tura masa katin allura, jami'in ya turo masa abinsa. Ya tura tikitin dawowa, ya turo masa. Sai da wata mata ta taɓa kafaɗarsa ta ce an gama da shi, sannan ya kwashe takardunsa ya wuce, yana waiwaye ko za a kira shi.

A gidan 'yarsa ya ga jikarsa ido da ido. Ta ɓuya a bayan uwarta na ɗan lokaci, kafin la'asar ta hau wuyansa ta cire masa hula. Ya sa mata suna 'Yar Tsohuwa, saboda yadda take zama ta rafka tagumi.

Sai kuma rubutun biron nan ya tayar da sabuwar magana. Jami'in ya rubuta tsawon zaman da aka ba shi, amma hannunsa kamar tafiyar kaza. 'Yar ta ce wata uku ne. Surukin ya karkata fasfon wajen taga ya ce shi wata ɗaya yake gani. Baba ya ce ba za a kama shi a ƙasar mutane ba, ya fara ninke kayansa tun sati bai cika ba. Da 'yar ta ga da gaske yake, ta ɗauki hutun rabin yini ta kai shi ofishin shige da fice. Jami'ar da suka samu ta juya fasfon sama, ta juya shi ƙasa, ta kira abokin aikinta, suka haɗa kai a kansa. A ƙarshe suka duba kwamfuta suka ce wata uku ne. Baba ya roƙe ta ta rubuta masa da manyan baƙaƙe. Ta ce ba a yi wa hatimi ƙari.

Suka dawo gida bai gama gamsuwa ba. Ya shiga ɗaki don ya kwance kayan, ko kuma ya ƙarasa ɗaure su, shi kansa bai yanke ba. Ya tarar 'Yar Tsohuwa ta zubar da rigunansa a ƙasa, ta shige cikin jakar ta zauna, tana cin biskit. Ya ce ta fito, ta ce a'a. Sai ya zauna a bakin gado ya miƙa hannu, ta gutsura masa.